Umaru Ganda, ɗan dakon Abijan da ya ɗauko wa Nijar dokin Wagadugu

 Kowa ya san yadda dare ke wucewa a gidajenmu idan an taso daga kasuwa. An ɗaure kaya, an rufe shago, an ci tuwo, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kunna tele, ko kuma a haɗa kai a kan wayar mutum guda. Da can kasat ake haya, daga baya faifan CD ya shigo, yanzu kuwa sai dai a kai waya wurin masu turi su cika ta da finafinai. Kuma fim ba ya ƙarewa sai an yanke mashi hukunci. Uwargida na ganin amaryar cikin fim ta cika makirci, amarya na ganin ai uwargidan ce ta tsokano, maigida ya dage tsoffin finafinai sun fi ma'ana, yara kuma su ce na da ɗin jan rai gare su. Abin da ya rage na gardama, da safe a ƙarasa shi a rumfar kasuwa kafin masu saye su fara zuwa.

To, a cikin wannan gardama ta tsoho da sabo ana kiran na Kano, ana kiran na Indiya, ana kiran na ƴan Sin masu faɗa da hannu. Da wuya ka ji an kira sunan ɗan ƙasarmu guda da ya yi fim a kan kishiya, da Alhaji mai neman ƙarin aure, da malamin tsibbu, da abokan cin mushe, shekara ashirin kafin Kano ta fitar da fim ɗinta na bidiyo na farko a 1990. Sunanshi Umaru Ganda. Mutanen Yamai sun san sunan, don kuwa shi ne a jikin babban gidan raya al'adun nan da ake kira CCOG, inda ake zuwa kallon mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo. Amma wani idan ka tambaye shi wane ne mai sunan, sai ya zaci wani tsohon minista ne. Alhali mutumin soja ne, ya zama ɗan dako, sannan ya zama mai shirya fim.

An haife shi a Yamai a shekarar 1935, Bazabarme ne. A lokacin Yamai ƙaramin gari ce, shekara tara kacal da Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram suka maido shi can. Ya yi lakwal ta firamare, bai wuce nan ba. A 1951, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Faransa. Ku duba shekarun nan da kyau. Yaron da a yau da wuya ubanshi ya bar mashi jiran shago shi kaɗai, shi ne aka ba bindiga aka sa a jirgin ruwa zuwa Indoshin, yankin da ƙasar Biyetnam take a yau. Mutanen can sun tashi neman ƴancinsu tun 1946, Faransa kuma ta kwashi ƴaƴan ƙasashen da take mulka ta kai su yaƙe su. Wato talakan Faransa na Afirka aka tura ya harbi talakan Faransa na Asiya. Yaƙin ya ƙare a 1954 bayan an ci sojan Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu. Umaru ya yi shekara biyu a can, a 1955 aka sallame shi ya dawo gida yana ɗan shekara ashirin.

Ya dawo ya tarar babu aikin yi. Sai ya bi hanyar da dubban samarin ƙasar nan suka bi kafin shi, kuma suke bi har gobe, ya tafi kurmi cin rani. Ya sauka Abijan, a unguwar Treichville inda baƙi ke taruwa. Tashar jiragen ruwan garin sabuwa ce a lokacin, tana neman masu ƙarfi. Nan ya zama ɗan dako, aikin da ake ɗaukar mutum yau a bar shi gobe: a yi sammako a tsaya bakin ƙofa, in an zaɓe ka ka wuni da buhu a ka, in ba a zaɓe ka ba ka koma da yunwarka. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a Abijan ko Kwatanu ko Legas ya san labarin, ba sai an faɗa mashi ba.

A nan ne Allah ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Wannan Bature ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogin Kwara, yana yawo da kamara. A shekarun nan yana bin sawun ƴan cin ranin Nijar da ke zuwa Gana da Kodebuwa, yana son sanin yawansu da abin da suke samu. Ya ɗauki Umaru aikin tambayar mutane da ƙidaya. Da tafiya ta yi tafiya, a 1957 sai ya yanke shawarar yin fim a kan rayuwar waɗannan samari, su da kansu su fito su nuna yadda suke kwana suke tashi. Fim ɗin ya fito a 1958 da suna Moi, un Noir, wato Ni, baƙar fata.

A nan akwai abin da zai ba masu kallon finafinai dariya, don za su ga kansu a ciki. Samarin Treichville mayun silima ne. Abin da suka samu da rana, da dare su kai shi gidan kallo, har kowa ya ari sunan jarumin da yake so. Umaru ana ce mashi Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka da ya yi fice wajen fitowa a shugaban ƴan daba. Abokinshi mai tallar yadi ana ce mashi Eddie Constantine, wani direban taksi kuma Tarzan, yarinyar da ake rububi a kanta Dorothy Lamour. Da waɗannan sunaye suka fito a fim ɗin. Kun ga ashe ɗabi'ar yaranmu ta kiran kansu da sunayen jaruman Indiya ba yau aka fara ta ba. Kakanninsu ma sun yi, sunayen ne kawai suka canza.

Kamarar da Rouch ke aiki da ita ƙarama ce, ba ta ɗaukar murya, kuma wani irin wani ake yi mata kamar agogon da, ta yi aiki na daƙiƙa ashirin da ƴan kai ta tsaya. Saboda haka sai da aka gama ɗaukar hotuna aka harhaɗa su, sannan aka zaunar da Umaru gaban allo aka ce ya faɗi abin da ke ranshi. Ya buɗe baki ya yi ta zuba, babu takarda a hannunshi. Ya yi maganar yunwa da kuɗin haya, da mafarkinshi na zama zakaran dambe, da mota da gida da matar da ba shi da halin samu. A ƙarshen fim ɗin an nuna shi yana tafiya a bakin ruwa da wani yaro, yana ba shi labarin Indoshin, yana kwaikwayon yadda ake faɗuwa ƙasa in an buɗe wuta, yana nuna cewa duk wannan wahala ba ta tsinana mashi komai ba. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. A Faransa aka ba shi kyautar Louis-Delluc ta 1958, samarin masu shirya fim na can irin su Jean-Luc Godard suka yi ta yabonshi, suka ɗauki darasi daga gare shi.

Sai dai yabon ya tafi wurin mai kamara. Sunan Rouch ne a saman takarda, Umaru kuwa ɗan wasa ne. Ba wai sun ɓata ba ne, sun ci gaba da mutunci har ƙarshe, kuma Rouch ne ya ba shi shawarar ya koma gida ya koyi aikin. Amma Umaru bai ɓoye ba daga baya cewa abin da aka nuna a fim ɗin ba daidai yake da yadda shi yake ganin rayuwarshi ba, kuma yana son ya faɗi labarinshi da kanshi. Ni a ganina wannan shi ne mabuɗin rayuwar mutumin gaba ɗaya. Kayanshi ne aka kai kasuwa, dillali ya ci riba da suna. Shi kuma bai tsaya zagin dillali ba, ya je ya kafa tashi rumfar.

Ya dawo Yamai ya samu aikin mataimakin ma'aikacin na'urori a gidan al'adun Faransa da Nijar. A gidan akwai wata ƙungiya ta masu sha'awar silima inda ake koya wa samari riƙon kamara da yanka fim da haɗa shi. Daga wannan zamani ne su Mustafa Alasan suka fito, wanda ya yi fim ɗin Aouré a kan aure tun 1962, daga baya ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, da Jingare Maiga, da wata yarinya mai ƙarfin hali, Zalika Sule. Ƙasar ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ba ta da kuɗi, amma a fagen silima tana sahun gaba a Afirka ta Yamma tare da Senegal. A 1968 gidan ya shirya gasar rubuta labarin fim. Umaru ya zauna ya rubuta abin da ya fi sani, labarin sojan da ya dawo daga Indoshin.

Fim ɗin shi ne Cabascabo. Baƙi da fari ne, minti 45, da Zabarmanci, kuma shi da kanshi ya fito a matsayin Kabaskabo. Ga yadda labarin yake. Soja ya dawo gida da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, maroƙa suka yi ca a kanshi, abokai suka fito ta ko'ina, har da waɗanda bai taɓa sani ba. Kullum ana mashaya, shi ke biya, yana ba su labarin fagen fama suna jinjina mashi. Ga kuma mace, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, tana taya shi cin abin da ya tara da jininshi. Kuɗi dai ba rijiya ba ne. Ranar da aljihu ya bushe sai aka watse aka bar shi, wanda jiya ke kiranshi maigida yau ya gan shi ya kau da kai. Mutumin da aka yi wa kirari ya koma neman aikin lebura, girman kai na hana shi, yunwa na tura shi. A ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara, wurin ƙasar noma.

Babu ɗan kasuwar da zai kalli wannan fim bai tuna da wani ba. Ka cire kakin soja ka sa mashi rigar wanda ya dawo daga Libiya, ko daga wurin haƙar zinariya a Jado, ko wanda ya ci gado da rana tsaka, labarin bai canza ba. Abin da ya sa nake sa Cabascabo a gaba cikin ayyukan Umaru shi ne bai tausaya wa kanshi ba. Da wani ne ke ba da labarin rayuwarshi, da ya mai da kanshi salihin bawa wanda duniya ta zalunta. Shi kuwa ya nuna zaluncin Faransa da ta yi amfani da yaro ta yar, ya nuna butulcin abokai, sannan ya nuna wautar shi mai kuɗin, da son a yabe shi. Kowa ya samu rabonshi. A 1969 aka nuna fim ɗin a babban bikin finafinai na Cannes a Faransa, a sashen da masu sharhi ke zaɓen sababbin hannu, kuma a shekarar ya samu lambar yabo a bikin Mosko. Shekara goma sha biyu kafin nan mai fim ɗin buhu yake ɗauka a tashar Abijan.

Fim na biyu shi ne wanda iyayenmu mata za su fi so, kuma shi ne za su fi yin gardama a kai. Sunanshi Le Wazzou polygame, an yi shi a 1970, mai launi ne. Wazzou ɗin nan wa'azi ke nan a bakin Zabarmawa, wato wa'azin mai mata da yawa, kuma da gangan aka sa sunan. Wani mai hali ne ya dawo daga Makka, ana ta Alhaji Alhaji, bakinshi cike da nasiha. Yana da mata biyu a gida, sai idonshi ya faɗa kan wata budurwa, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Alhaji ya saki kuɗi, iyaye suka manta da alkawari, ba wanda ya tambayi yarinya abin da take so. Garba ya yi fushi ya bar gari. Matar Alhaji ta biyu, wadda ta saba ita ce ta gaban goshi, ta ga za a sauke ta daga kujera, kishi ya rufe mata ido ta ƙudura kashe amarya a daren biki. Cikin duhu ta kuskure, ta kashe ƙawar amarya, yarinyar da ba ruwanta. Satu ta gudu birni, inda rayuwa ta jefa ta zaman kanta.

Ku lura da inda Umaru ya ajiye laifi. Finafinan kishiya da yawa da muke kallo a yau, mace ce muguwa tun daga farko har ƙarshe, ta je wurin boka, asirinta ya tonu, ta haukace ko ta zo tana kuka tana neman gafara, miji kuwa ya fita fes kamar ba shi ya haɗa wutar ba. A wurin Umaru matar da ta yi kisa ta yi laifi, babu mai wanke ta. Amma kafin hannunta ya kai ga aika-aika, an nuna mana wanda ya sayi ƴar mutane da kuɗi yana fakewa da rawani, da iyayen da suka karɓa, da dattawan da suka yi shiru. Bai zagi addini ba, bai zagi aikin haji ba. Wanda ya mai da sunan Alhaji jarin neman abin duniya shi ya tona. Kuma bai kawo wani malami a ƙarshe ya yi dogon jawabi ya sasanta kowa ba. Ya bar mai kallo da gawar yarinya da rayuwar wata da ta lalace, ya je ya yi tunani. Wanda ya saba da fim mai ƙarewa da biki da waƙa zai ce an yanke mashi labari. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinshi.

A 1972 aka kai wannan fim Wagadugu. Bikin finafinan Afirka na can, FESPACO, an fara shi tun 1969, amma sai a 1972 aka fara gasa da ba da babbar kyauta, wadda ake kira Dokin Yennenga, da sunan wata gimbiya mahayiya da Mosawa ke ɗauka kakarsu. Wanda ya fara ɗaukar wannan doki a tarihi shi ne Umaru Ganda na Nijar. Duk manyan da suka ɗauke shi daga baya, irin su Sulaiman Sise na Mali da Idrisa Wedrawogo na Burkina, bayanshi suka biyo.

A shekarar dai ya fitar da Saïtane, wato Shaiɗan. Nan kuma malamin tsibbu ya taɓa, wanda mutanen gari ke girmamawa suna kai mashi sadaka, alhali a ɓoye shi ne ɗan aike tsakanin wani mai kuɗi da matar aure. A ce a 1972 mutum ya fito da wannan a allo, a garin da kowa ya san kowa, ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Ba shi kaɗai ya biya kuɗin wannan ƙarfin zuciya ba. Zalika Sule, wadda ta sha fitowa a matsayin kishiya mai mugunta ko macen bariki, ta ɗanɗana kuɗarta a hannun jama'a. Mutane a lokacin ba su raba wasa da gaske ba, abin da suka gani a allo shi suke ɗauka halinta ne, ana nuna ta ana zaginta a titi. Ita da bakinta ta ba da wannan labari a fim ɗin Al'lèèssi da Rahmatu Keita ta yi a kan rayuwarta, wanda ya fito a 2004. Ta rasu a 2021. Kafin mu yi wa mutanen da dariya, mu tuna yadda har yanzu ake jifar ƴan wasan mata da magana saboda rawar da aka ba su.

To me ya sa finafinan da suka ci kyauta a ƙasashen duniya ba su shiga gidajenmu ba? Dalilin na kasuwa ne, kuma ƴan kasuwa za su fi kowa gane shi. Na farko, tsadar yi. A zamanin babu bidiyo. Da zaren fim mai faɗin milimita 16 ake ɗauka, daga waje ake sayo shi, in an ɗauka sai an aika Faransa a wanke, mai fim bai ganin abin da ya ɗauka sai bayan makonni. In wani wuri ya lalace, sai a sake tara mutane. Saboda haka kowane fim sai an nemi tallafi, galibi daga Faransa, shi ya sa a shekara goma sha biyu manyan finafinan Umaru huɗu ne kacal, sai ƴan gajeru. Na biyu, hanyar sayarwa ba a hannunmu take ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a gidajen silima na ƙasashen renon Faransa. Suna kawo tsoffin finafinan kaboyi da na Indiya da na Masar da araha, waɗanda sun riga sun mai da kuɗinsu a wani wuri. Fim ɗin gida, mai tsada, guda ɗaya tilo, ina zai iya gasa da wannan? Kamar mai saƙar hannu ne a gaban dilar gwanjo.

Da bidiyo ta zo, gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kallo ya koma cikin gida. Mutanen Kano suka gane abin da wuri: ƙaramar kamara, kasat mai araha, harshen da mai saye ke ji, da ƴan kasuwar da za su kai kaya har Maraɗi da Damagaram da Agadas. Suka cika gidajenmu, kuma ba laifinsu ba ne, sun iya talla. Finafinan su Umaru kuwa suka zauna a gwangwanayensu, a ma'ajiyar finafinai ta birnin Paris da wuraren bukukuwa, inda ɗalibai da masana ke kallonsu. Bature a jami'a ya san Kabaskabo, jikar Satu a kasuwar Tawa ba ta san shi ba.

Fim ɗinshi na ƙarshe, L'Exilé, wato wanda ya yi gudun hijira, ya fito a 1980. Daga tatsuniya ya ɗauko shi, ya sa ta a bakin wani jakadan Afirka da ya bar ƙasarshi yana zaune Turai, yana ba abokanshi labari. Wani sarki ne mai yawon dare yana sauraren abin da talakawa ke faɗi. Ya ji wasu samari biyu ƴan uwan juna suna cika baki cewa in za a ba su ƴaƴan sarki aure, sun yarda a sare kawunansu bayan shekara. Sarki ya kira su ya ɗaura masu aure. Shekara ta zagayo, ya ce a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarshi, ya shiga duniya, har ya samu sarauta a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta daina binshi ba. Fim ne a kan nauyin magana, a zamanin da baki shi ne takarda. Waɗanda ke ba da kaya bashi daga Kano zuwa Maraɗi ba tare da sa hannu ba, sai amana, sun san abin da ake nufi. Fim ɗin ya fi sauran tsawo da ado, ga kayan sarauta ga dawaki, amma in za a bi ta tawa, bai kai biyun farko kaifi ba. Umaru ya fi iya yanka idan abin da ya gani da idonshi yake faɗi.

Ranar 1 ga watan Janairu na 1981, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Yamai, yana da shekara 45, yana cikin aikin wani sabon fim. Allah ya jiƙan shi, ya gafarta mashi. Gwamnatin Seyni Kunce ta sa sunanshi a sabon gidan raya al'adu na babban birni, FESPACO kuma ta sa sunanshi a kyautar da ake ba wanda ya yi fice da fim ɗinshi na farko. Jean Rouch ya rayu shekara 23 bayanshi, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka rufe shi a Yamai. Mustafa Alasan ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka mai da sunanshi a kan tsohon gidan al'adun Faransa da Nijar, inda su duka suka yi ƙuruciyar aikinsu.

Dokin Yennenga kuwa, tun daga 1972 har zuwa bikin 2025 bai sake dawowa Nijar ba. A 1987 labarin ƙasarmu ya ci shi, na Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi tsayayya da sojan Faransa, daga littafin Abdullahi Mamani, amma mai fim ɗin, Med Hondo, ɗan Muritaniya ne, kuma a Burkina aka ɗauke shi.

Wanda ya samu damar ganin finafinan Umaru, ya shirya wa abin da zai tarar. Babu waƙa da rawa a tsakiyar labari, babu kashi na biyu da na uku, hoton wani wuri ya dushe, magana da Zabarmanci ce da Faransanci. Minti goma na farko yara za su fara hamma. Amma ga Yamai ta shekaru hamsin da suka wuce, da tufafin mutanenta, da ɗaurin ɗankwalin matanta, da yadda ake gaisuwa da zaman biki, abubuwan da ba a sake ganinsu sai a nan. Harshen ma ba katanga ba ce mai wuyar tsallakewa. Samarin da ke juya finafinan Indiya na awa uku zuwa Hausa, har tsohuwa a ƙauye ta bi labari ba ta ɓata ba, sun nuna aikin mai yiwuwa ne, in masu haƙƙin finafinan da ma'aikatar al'adu sun buɗe ƙofa. Cabascabo gaba ɗayanshi minti 45 ne.